Joe Thomas bai ci kofi ba, amma karramawarsa ba alfarma ba ce

A shekarar 2023 aka shigar da Joe Thomas zauren gwarazan ƙwallon Amurka da ke Canton a jihar Ohio, tun a shekarar farko da ya cancanci a kaɗa masa ƙuri'a. Kaka 11 ya yi a ƙungiyar Cleveland Browns bai taɓa buga wasan fitar da gwani ba. A 2016 ƙungiyar ta ci wasa 1 cikin 16, a 2017 ko ɗaya ba ta ci ba. Wanda ya saba auna ɗan wasa da yawan kofuna zai ce an yi masa alfarma. Ni kuwa ina ganin masu zaɓen sun yi daidai, domin ɗan layin gaba irinsa ba a auna shi da wannan mudun.

Mutum biyar ne ke tsayawa a layin gaba idan ƙungiya tana kai hari: na tsakiya da ke miƙa ƙwallo ta ƙarƙashin ƙafafunsa, biyu a gefensa, sai biyu a ƙarshen layi. Thomas shi ne na ƙarshen hagu. Yawancin masu jefa ƙwallo na-dama ne, idan suka gyara tsayuwa za su yi jifa sai su juya wa hagu baya, don haka duk wanda ya kutso ta nan ba sa ganinsa sai ya faɗo musu. Shi ya sa abokan hamayya suke yawan ajiye gwaninsu na kutse a wannan gefe. Aikin mai tsaron shi ne ya riƙe mutumin na wajen daƙiƙa uku, yana ja da baya, wancan kuwa yana zuwa da gudu.

A nan ne gwaninta take. Ƙafar waje ce ke fara zamewa baya, ta ciki ta biyo ta ba tare da sun haɗu ba, gwiwa a lanƙwashe, nauyi a tsakiya. Idan ya jingina gaba, mai kutse zai fizge shi ya wuce. Idan ya yi saurin buɗewa waje, ya bar ƙofa ta ciki, wadda ita ce hanya mafi kusa zuwa ga mai jifa. Hannuwa kuma dole su sauka a ƙirji, tsakanin kafaɗu. Da zarar sun zame waje ya kama riga, alƙalin wasa zai jefa ƙyalle mai ruwan ɗorawa, a mayar da ƙungiya baya yadi 10. Motsi kafin a miƙa ƙwallo, yadi 5. Mutum mai tsawon kusan mita 2 da nauyin kilo 140 ne ke yin wannan sau 60 zuwa 70 a kowane wasa, kuma in ya yi daidai mai sharhi ba zai ambaci sunansa ba.

Tun daga wasansa na farko a 2007, bayan Browns ta ɗauke shi a matsayi na 3 daga Jami'ar Wisconsin, Thomas ya tsaya a layi sau 10,363 a jere ba a taɓa canza shi ba, har zuwa Oktoban 2017 da jijiyar damtsensa ta tsinke a wasa da Tennessee Titans. Wannan adadin ake yawan kawowa, amma ni ba shi ne babbar hujjata ba. Akwai sa'a a ciki, akwai kuma buga wasa da ciwon gwiwa da na idon sawu, abin da bai kamata a riƙa kwaɗaita wa matasa ba. Gwiwar ce ma ta sa ya yi ritaya a Maris na 2018.

Zaɓensa sau 10 a jere zuwa Pro Bowl, wasan da ake tara taurarin shekara, ma ban ba shi nauyi sosai ba. Kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'ar na 'yan kallo ne, su kuwa idonsu na kan ƙwallo, ba kan layi ba, kuma wanda ya yi suna yakan ci gaba da shiga ko ƙarfinsa ya ragu. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce All-Pro, jerin gwanayen kowane gurbi na shekara na kamfanin dillancin labarai na AP, wanda 'yan jarida 50 ke zaɓa. Masu tsaron ƙarshen layi biyu kacal ke shiga sahun farko, cikin 64 da ke fara wasa a ƙungiyoyi 32. Thomas ya shiga sau 6 tsakanin 2009 da 2015. Ya yi hakan ne yana kare masu jifa wajen 20, kowanne da inda yake tsayawa da tsawon lokacin da yake riƙe ƙwallo, shi kuwa mai tsaro ba ya ganin abin da ke bayansa.

Inda nake da ƙorafi shi ne kyaututtukan shekara. Ɗan layin gaba na masu kai hari bai taɓa zama gwarzon shekara na AP ba, alhali a 1982 har mai bugun ƙwallo da ƙafa, Mark Moseley, ya samu. Sai a 2025 NFL, hukumar da ke shirya gasar, ta ƙirƙiro kyauta ta musamman ga gwarzon layin gaba, ta kuma ɗora zaɓen a hannun tsofaffin 'yan layi irin su Orlando Pace da Jason Kelce. Wannan ya fi ƙuri'ar 'yan kallo nesa ba kusa ba, don su ne suka san inda za su duba a faifan wasa. Sai dai ta zo ne shekara bakwai bayan Thomas ya ajiye hular kwano.