An janye muku ɗan sanda ɗaya kun tada jijiyar wuya, yaran mutane da ke ruɓewa a gidan yari fa?

Wallahi tun da na ga bidiyon nan na zauren majalisar dattawa raina yake a ɓace, na so in kama bakina amma abin ya ƙi barina. Kun dai gani da idonku. Shugaban ƙasa ya ce a janye 'yan sanda daga gadin manya a mayar da su aikin da aka ɗauke su dominsa, sai ga sanata ya miƙe a zauren majalisa yana kokawa cewa an ɗauke masa ɗan sandansa guda ɗaya tilo alhali wasu na nan suna yawo da nasu, kuma aka kasa kunne aka saurare shi har ya gama. To ni tambayata ɗaya ce, yaushe rabon da wani a zauren nan ya miƙe da irin wannan zafin rai saboda yaron da ya shekara uku a kulle ba a yanke masa hukunci ba? Yaushe?

Ban ce kada sanata ya ji tsoro ba, a ƙasar nan yanzu kowa a tsorace yake, mai bin hanyar Birnin Gwari da mai kwana a ƙauyen Zamfara sun fi shi sanin tsoro. Abin da ke ci min rai shi ne yadda maganar ɗan sanda ke zama ta gaggawa idan ta taɓa jikinsu, idan kuma ta taɓa talaka sai a ce an miƙa wa kwamiti ya kawo rahoto nan da mako huɗu, daga nan kuma shikenan an shuka dusa.

Mutum wajen dubu 80 ne a gidajen yarin Najeriya, kuma kusan biyu cikin kowane uku babu alƙalin da ya ce sun yi laifi, jiran shari'a kawai suke. Ku sake karantawa don Allah. Ba a same su da laifi ba. Suna ciki ne kawai saboda fayil bai dawo daga ma'aikatar shari'a ba, ko ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki, ko mota ba mai ranar zaman kotu, ko an ba da beli amma sharaɗin ya fi ƙarfin duk danginsa.

Kuma kada wani ya ce min ai sai an yi sabuwar doka. Doka akwai, har ta yi yawa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya, in kotu na da nisa kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata ya ga su waye a bayan kanta, me suka yi, tun yaushe suke ciki, in ta kama ya ba da beli a nan take, ta kuma ce umarnin ajiye mutum a gidan yari kafin shari'a kwana 14 ne a karon farko, in za a ƙara sai an dawo gaban alƙali an faɗi dalili. Dokar 2019 da ta canza wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali ta ba shugaban gidajen yari na jiha ikon ya ƙi karɓar sabbin fursunoni idan wuri ya cika. An yi sabuwar dokar 'yan sanda a 2020. In ka cire tsarin mulki, duk majalisar nan ce ta yi su, da hannunta. To wa ya taɓa bin sawu ya ga ana aiki da su? Majistare nawa ne suka zagaya caji ofis a watan jiya, akwai ɗan majalisa ɗaya da zai iya faɗa mana? Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulki sun ba su ikon su kira kowa su tuhume shi kan kuɗin da suka ware masa da dokar da suka ɗora masa, ba alfarma ba ce, aikin da ake biyansu dominsa kenan.

Kuma sun iya sauri in sun so, kada ku bari a ruɗe ku. A watan Yulin 2024 da aka kawo musu gyaran dokar 'yan sanda don Sufeto Janar ya cika shekara huɗu a kan kujera ko da shekarun ritayarsa sun yi, a rana ɗaya aka yi karatu na ɗaya da na biyu da na uku aka wuce wurin. Rana ɗaya! Saboda kujerar mutum ɗaya. Mutum dubu 50 da ke jiran shari'a kuwa shekara da shekaru ana ta taron ƙara wa juna sani a otal a kansu.

Ni ba a jarida na karanta wannan ba. Ɗan yayata gyaran waya yake koya, wani ya kawo masa waya ya canza mata sikirin, ashe wayar ta fashi ce, da aka bi diddigi shagon aka zo aka tattara shi. Kwana tara ya yi a bayan kanta kafin a kai shi kotu, kuma ga rubutu nan ɓaro-ɓaro a jikin bango wai beli kyauta ne. Da aka je kotu majistare ya ce ba shi da hurumin sauraron shari'ar fashi, a ajiye shi sai shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Wata goma sha huɗu muka yi muna jiran shawarar nan. Ni nake kai masa abinci ranar Asabar, ka bi layi da kula a hannu tun safe, a bakin ƙofa ganduroba ya sa ka buɗe ka ɗanɗana a gabansa, a caccaka tuwon da cokali a ga ba ka ɓoye komai ba, sannan a ba ku 'yan mintuna kuna magana ta tsakanin waya ana hayaniya ba ka ma jin abin da yake faɗa sosai. Wata na uku na ga hannunsa duk ƙazuwa ta cinye tsakanin yatsu, yana magana yana susa. Ya ce min Kawu da daddare a gefe ɗaya muke kwana a jere, in za a juya sai dai a juya gaba ɗaya. Ya ce gabzar da ake ba su in ka ɗaga kwanon kana hango gindinsa ta cikin miyar. Yayata sai da ta sayar da keken ɗinkinta, wanda da shi take ciyar da marayunta, don kuɗin lauya da kuɗin bin fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Sau huɗu muna zuwa kotu a ce ba a kawo su ba mota ba mai. Ranar da shawarar ta fito layi uku ne, ba shi da hannu, a sake shi. Babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Ya fito da rigar da aka kama shi da ita, ta yi masa yawa.

Shi ya sa idan na ji wani na cewa ai duk wanda ke ciki akwai abin da ya yi, sai in ce Allah ya sa kada a gwada a kanka. Ba ni da lokacin wannan musun. Ko da ma ya yi, ai kotu ce za ta faɗa, ba kai ba, ba DPO ba.

Ku tuna Disambar 2023, wajen kare kasafin kuɗi, shugaban hukumar gidajen yari na lokacin Haliru Nababa ya faɗa wa kwamitin da Adams Oshiomhole ke jagoranta cewa naira 750 ake ciyar da fursuna a rana, karen hukumar kuma naira 800. Aka yi ta mamaki a zauren kamar ranar suka fara ji, alhali su ne suke sa hannu a kasafin duk shekara. Wa ya amince da 750 ɗin a shekarar da ta gabata, aljanu? Daga baya aka ƙara zuwa 1,125, kuma na san akwai masu shigowa su ce ai ga shi an ƙara. Ɗan'uwa ɗauki 1,125 ka shiga kasuwa ka ciyar da ƙato sau uku, ka cire ribar ɗan kwangila, ka cire itace ko gas, ka dawo ka faɗa min abin da ya rage a kwanon. A ƙasar da sanata da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa naira miliyan 21 ke shigo masa duk wata na tafiyar da ofis. Kada wanda ya sake ce min babu kuɗi, ba zan saurara ba.

Gine-ginen ma haka. Gidan yarin Kuje aka fasa a Yulin 2022, a Abuja, ƙarƙashin hancinsu, ɗaruruwa suka gudu. A Afrilun 2024 ruwan sama kawai aka yi a Suleja katanga ta faɗi sama da mutum 100 suka fice. A Satumbar shekarar ambaliyar Maiduguri ta rusa katangar gidan yari wajen mutum 280 suka fita. Kurmawa ta nan Kano tun zamanin Turawa take, ta haura shekara ɗari, an gina ta lokacin da mutanen birnin gaba ɗaya ba su kai na unguwa ɗaya a yau ba. Duk lokacin da katanga ta faɗi sai a yi ƙudiri, a yi Allah wadai, a ce kwamiti ya je ya gani, a ɗauki hoto, sai kuma wata ta sake faɗuwa.

Wani zai ce ai wannan aikin ɓangaren shari'a ne ba na majalisa ba. Wa ke yanka wa ɓangaren shari'a kuɗi? A 2024 an ninka albashin alƙalai da kashi 300, kuma ni ban ƙi ba, alƙalin da ke jin yunwa haɗari ne ga kowa. Amma shari'a ba alƙali kaɗai ba ne. Akwai lauyan gwamnati da fayil ɗari ke jibge a teburinsa, akwai mai gabatar da ƙara, akwai magatakarda, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi wadda yawancin talakawa ba su ma san da ita ba saboda lauyoyinta ba su taka kara sun karya ba, akwai man motar da za ta kai fursuna kotu. Ka gyara saman bishiya ka bar saiwa ba ruwa.

Wani kuma zai ce yawancin fursunonin laifin dokar jiha suka yi, gwamnoni za a tambaya. Gaskiya ne, kuma tun Maris 2023 aka gyara tsarin mulki jihohi ma suna iya gina gidan yari su riƙe. To 'yan majalisun jihohi ma ina cikin maganar nan da su, har sun fi ban haushi don su suna kusa, wasu a hanyarsu ta zuwa ofis suke wuce ƙofar gidan yarin kullum. Amma wannan bai wanke na Abuja ba, har yau ɗan sandan da ya yi kamen na tarayya ne, gandurobobin na tarayya ne, kasafin abincin na tarayya ne.

Kuma fa ba ƙin ɗan sanda nake ba. Ka shiga barikin 'yan sanda ka ga inda suke kwana da iyalinsu sai ka yi hawaye. Mutumin da shi zai sayi takalminsa, shi zai zuba mai a motar sintiri, mai ƙara ne zai sayo takardar da za a rubuta jawabinsa, me kake tsammani zai yi da wanda ya faɗo hannunsa? An kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019, ina lissafinsa, caji ofis nawa ya gyara? Tsofaffin 'yan sanda da suka yi shekara 35 suna aiki sun zo har ƙofar majalisar nan a 2025 suna zanga-zanga kan fansho. Akwai hukumar kula da ayyukan 'yan sanda da tsarin mulki ya ba ta ikon ladabtar da duk ɗan sanda in ban da Sufeto Janar, je ka tambayi mutanen unguwarku su waye suka san inda za su kai mata ƙara. Duk waɗannan tambayoyin majalisa ce ya kamata ta riƙa yinsu a bainar jama'a, da takarda a hannu, ba sai ranar da aka taɓa mai riƙe mata jaka ba.

Yaran nan na zanga-zangar Agustan 2024 kuwa har yau in na tuna sai cikina ya juya. Wata uku suna tsare, aka kawo su babbar kotun tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba, ƙasusuwan wuya a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin miliyan 10 kan kowane ɗaya. Yaranmu ne, daga Kano da Kaduna aka kwaso da yawansu. Wata uku cur, ina wakilan mazaɓunsu suke? Sai da kyamara ta ɗauka duniya ta yi ca sannan kowa ya fito da sanarwa. Waɗanda kyamara ba ta taɓa kaiwa gare su ba su ne dubun dubatar da nake magana a kai.

Abin da nake so in gani ba shi da wuya. Ɗan majalisa ya je gidan yarin mazaɓarsa ba tare da sanarwa ba, ya karɓi rajista, ya ware duk wanda ya wuce shekara yana jiran shari'a, ya tsaya a zauren nan da ya tsaya yana kukan ɗan sandansa ya karanto adadin, ya ce ba zai sa hannu a kasafin ma'aikatar ba sai an yi bayani.

Af, tunda na tuna, ku masu gyaran waya a Farm Centre da Beirut da sauran wurare, don girman Allah ku sayi littafi ko na naira ɗari biyar ne, duk wanda ya kawo waya ku rubuta sunansa da lambarsa da lambar jikin wayar, in da hali ku ɗauki hotonsa riƙe da ita. Wanda ya ƙi ku ba shi kayarsa ya ƙara gaba. Ɗan yayata ya koma shago amma yanzu ko caja ce ba ya karɓa sai ya rubuta, har maigidansa na ce masa yana kore musu kwastoma.