Tashar jirgi ba wurin ɗaukar hoton amarya ba ce

Wata shawara ce ke ta yawo a Facebook kwanakin nan, har da masu ilimi cikin masu yi mata tafi: wai a kwaskware tsofaffin tashoshin jirgin ƙasa na ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, a shafa musu fenti, a jera kujeru da fitilu, su zama wuraren yawon buɗe ido. Hujjarsu ɗaya ce, wai haka aka yi a Ingila. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai.

Ingila ta rufe ɗimbin ƙananan tashoshi a shekarun 1960, gaskiya ne. Amma ta rufe su ne manyan layukanta na aiki, jirgi na tashi safe da yamma. Wanda yake da jirgin hawa shi ke da damar mayar da tsohuwar tasha wurin shan shayi. Mu me muke da shi?

Zariya mahaɗar dogo ce, kuma da alama masu wannan shawara sun manta. Layin da ya taso daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911, Sabon Gari kuwa a gindin tasha ya girma. Daga nan aka ja siririn layi zuwa Jos saboda kuza, daga nan kuma wani ya bi Funtua da Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Auduga, gyaɗa, fatu, shanu, duk ta kan waɗannan ƙarafa suka bi zuwa kudu. Ƙauyen da ya samu tasha ya samu kasuwa, ya samu masu tallar dafaffen ƙwai da rake a bakin tarago, ya samu ɗa a aikin reluwe.

Layin Jos, wanda ya bi ta Soba da Dutsen Wai, an rufe shi tun 1957. Wannan ya mutu murus, kuma duk wanda ke son adana abin da ya saura nasa, ina bayansa. Amma layin Kano da na Ƙaura Namoda ba mutuwa suka yi ba, wofintar da su aka yi. Mayar da tashoshinsu wurin kallo daidai yake da ɗinka wa majinyaci likkafani yana numfashi. Ranar da aka kafa allon maraba da baƙi a ƙofar tasha, ranar hukuma ta samu uzurin cewa ai gini ya samu amfani, ba sauran batun jirgi.

A je a ga irin waɗannan tashoshi ido da ido. Iska ta yaye kwano, awaki na kwance a ɗakin sayar da tikiti, ciyawa ta haɗiye dogo, 'yan gwangwan na bin dare suna kwance ƙarafa. A can kan titin Zariya zuwa Kano kuma tireloli ne ke nishi da buhunan masara, kwandunan tumatir na ruɓewa a rana idan mota ta lalace, kuɗin dako na cinye ribar manomi tun kafin kaya su kai Legas. Mai rake a Makarfi tarago yake nema. Ango da amarya sun zo sun tsaya kan dogo an ɗauke su hoto sun tafi, nawa ya shiga aljihunsa?

Masu cewa gara fenti da rushewa sun riga sun sallama ne, ba ni da abin tattaunawa da su. Masu nuna mana sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuwa, su ma sun san ba don buhun ƙaramin manomin ƙauye ake shimfiɗa shi ba.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na tabbata hoton Bature da hular kwano za a rataya a bango a kira shi tarihi, a bar kakanninmu da aka tattaro ta hannun sarakuna da hakimai suka haƙa ƙasa suka ɗauki dutse a ka, da yawansu ba da son ransu ba.

Ya kamata Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta fara da tsare ƙarafan da suka rage, ta gyara dogo, ta saki ko da jirgin kaya ɗaya ne a mako tsakanin Ƙaura Namoda da Zariya lokacin kaka. 'Yan majalisarmu kuma su riƙa tambayarta dalili a bainar jama'a duk shekarar da kaka ta wuce ba a ji kukan jirgi ba.