Gogen mutum huɗu, da gogen Baba mai unguwarmu

Jiya da daddare, bayan an ɗauke wuta a Garwa, ƙanena ya miƙo min wayarsa ya ce, "Yaya, saurari wannan." Mutum huɗu ne zaune a kan kujeru, ba ganga, ba mawaƙi, ba mai tsayawa gabansu da sanda. Biyu na riƙe da ƙaramin gogen Turawa da ake kira biyolin, ɗaya da matsakaici, na huɗun ya kafa ƙaton nasa a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Da ido da numfashi suke yi wa juna ishara. Na saurara har cajin wayar ya ƙare, na kwanta raina a ɓace, ba don kiɗan bai yi daɗi ba.

Sunan ƙungiyar Kronos. Wani mai suna David Harrington ne ya kafa ta a 1973 a birnin Siyatil na Amurka, daga baya suka koma San Faransisko. Salon kiɗan mutum huɗu ya girme su nesa ba kusa ba: cikin tsofaffin matsara kiɗan Turai, Haydn ya tsara sama da sittin tun ƙarni na 18, Beethoven ya bar goma sha shida. Amma 'yan Kronos ba su tsaya tauna tsohon ƙashi ba. Biyan mutane suke yi su tsara musu sabon kiɗa. A 1992 suka fitar da faifan Pieces of Africa, duk na matsara kiɗa 'yan Afirka, ciki har da Hamza El Din ɗan yankin Nubiya na kudancin Masar da Foday Musa Suso na Gambiya. A 2024 biyu daga cikinsu suka yi ritaya bayan fiye da shekara arba'in, wasu matasa suka hau kujerun, kiɗa ya ci gaba.

Wannan hawa kujerar ce ta hana ni barci.

Akwai wani tsoho a unguwarmu, Baba muke ce masa, mai goge ne. Ina yaro nakan tsuguna in ga yadda yake ɗaure fatar damo a bakin ƙwarya, ya ja gashin wutsiyar doki ya ɗame shi, ya goga ƙaro kafin ya fara. Tsarkiya ɗaya tak, amma in ya ja ta sai ka rantse mutum ne ke magana. Ku sani, sandar da Bature ke goga wa biyolin ma gashin doki ne a jikinta, shi ma ƙaro yake shafa mata. Yau gogen Baba na rataye a ƙusa, ƙwaryar ta tsage. 'Ya'yansa shida, babu wanda ya koya. Kuma ban ga laifinsu ba, mu ne muka riƙa kiransu 'ya'yan maroƙi a makarantar allo, mu ne ke hana su auren ƙannenmu.

Na san abin da wasu za su rubuto min a ƙasa: goge kayan bori ne, kayan gidan mata masu zaman kansu. E, an kaɗa shi a can, ban musa ba. An kuma kaɗa shi a bikin kakanninmu, da gaban masu sarauta. Wanda ya guje shi don addini, ina girmama shi. Wanda nake magana da shi shi ne mai ɗauko ɗan DJ da manyan lasifika ranar biki, ya biya shi sefa dubu hamsin ba ciniki, in mai goge ya leƙo ya manna masa ɗari biyar a goshi ya ce a sallame shi. Wannan ba tsoron Allah ba ne, raini ne.

Kronos har kiɗa hamsin suka sa aka tsara domin masu koyo, suka zuba takardun a intanet kyauta. Mu takarda ma ba mu buƙata, waya ta isa. Gobe bayan La'asar ni da ƙanena za mu je wurin Baba da sabuwar ƙwarya da kuɗin fata, mu roƙe shi ya ɗaura, mu naɗi sautin. Akwai wani jikansa ɗan shekara goma da na lura yana yawan kallon ƙusar nan. Zan tambayi uban yaron ko zai bar shi ya zauna kusa.