Ba sabis ba ne, saiti ne

Abin haushi da yaran da ke saita waya ranar kasuwar Gujungu, da imel ya ƙi tafiya sai su ce sabis ne. Wane sabis? Gmail na karɓar saƙo ta adireshin imap.gmail.com a lambar mashiga (port) 993, yana turawa ta smtp.gmail.com a 465 ko 587. Sai yaro ya cika saitin karɓa ya tsallake na turawa, saƙo ya kwana a waya. Kuma tun 2022 tsofaffin manhajojin imel ba sa shiga Gmail sai da kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16. Mafi muni, da layinsa yaron yake yi wa mai waya rajistar imel ɗin. Ran da mai waya ya manta kalmarsa, lambar tantancewa wajen yaron za ta faɗa, shi kuwa ya tafi ci-rani Legas.