Ina Kunnuwan?

KAWU MAI HOTO: Kai ɗan nan, tun daga Kano ka jawo ni Legas in zo in kalli ƙeya?

ƊAN BOKO: Kawu, a hankali, mutane na ji. LagosPhoto ke nan fa, bikin baje kolin hotuna, tun 2010 ake yin sa. Salon Ojeikere mai hoto ne yaron da ya ɗauki wannan ya bi. Shi marigayin tun 1968 yake ɗaukar kitson matan Najeriya, wajen dubu ya tara.

KAWU: Ƙeya dubu! A cikinsu ba wadda ya ce wa "Hajiya juyo, ɗaga haɓa"?

ƊAN BOKO: Ai kitson ake so. Har baje kolin Venis, a Italiya, aka kai hotunansa a 2013.

KAWU: Su a Venis da ƙeya ake ba da biza?

(Kawu ya tsufa a kan hoton fasfo. A wurinsa, in kunnuwa biyu ba su fito ba, ba hoto aka yi ba, ɓarnar takarda aka yi. Ya taɓa mayar da ango gida ya sake hula.)

KAWU: Wannan kuma kunne ɗaya. Ina ɗayan? Ga baya ba fari ba. Ga shi tana dariya! Wa ya ba ta izinin dariya?

ƊAN BOKO: Mu ƙara gaba, Kawu.

KAWU: Nan ba su rataya komai ba, baƙin allo ne.

ƊAN BOKO: Hoto ne. Unguwa ce da dare, an ɗauke wuta. Ka matso, ga ɗan hasken fitilar mai shayi can a gefe.

KAWU: Ikon Allah. To wannan ai kullum ina da shi a ɗakina, babba ma, bango huɗu. Ƙarshen wata kuma su kawo mini bil ɗinsa.

(Wata budurwa ta zo ta tsaya gaban duhun, ta turo baki, ta ɗauki kanta da waya. Kawu ya kawar da kai. Waɗannan ne suka kashe masa kasuwa.)

KAWU: Yauwa, wannan na gane shi. Dishi-dishi. Hannu ne ya yi rawa.

ƊAN BOKO: Da gangan ne, don ya nuna gudun 'yan danfo.

KAWU: Yunwa ce. Da yarona ne, a aljihunsa zan cire kuɗin wanki. Wai ma sayarwa suke?

(Ɗan Boko ya raɗa masa farashin. Kawu ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.)

KAWU: A naira?

ƊAN BOKO: A dala.

KAWU: Ka ga, ni dama tun farko na lura akwai hikima a ciki. Ba ni wayarka. Hajiya! Kwalin nan na ɓatattun hotuna da ke ƙarƙashin gado... Kin hura me? Tun yaushe? Duka?!