Soja ya yi mastas kuna zaginsa? A kai masa aji har barikin Giginya

Makon jiya wani ya turo hoto a zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinmu, hoton wani matashin hafsa ne da rigar yaye ɗalibai bisa kakinsa, ya gama digiri na biyu, mahaifiyarsa na gefe tana riƙe da hannunsa. Kafin a yi sallar isha'i an yi masa ca. Wani ya rubuta wai mutanen Isa da Sabon Birni ba su kwana gidajensu shi ko wanga yana ɗaukar hoto da hular kwali, wani ya ce bindiga anka ba shi ba biro ba, wani kuma ya ce in karatu yake so ya aje kaki ya koma jami'a. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne na san masu rubutun ɗaya bayan ɗaya, akwai likita akwai darakta a ma'aikata, kuma kusan dukkansu da hutun karatu suka yi nasu mastas ɗin, albashi na shiga kowane wata ba wanda ya ce musu sun gudu sun bar aiki.

Na san zafin da ke cin mutane, ni ma ina da dangi a gabashin jihar nan ta Sakkwato da suka bar gonakinsu suka dawo cikin gari suna raɓe gidajen 'yan uwa. Amma wannan fushin an sauke shi inda bai dace ba, kuma tunanin da ke ƙarƙashinsa, wai soja hannu ne kawai mai jan kunama ba ya buƙatar kai, yana cikin abin da ya sa muka daɗe cikin wannan bala'in.

Ɗan yayata kyaftin ne. Sau biyu yana fara digiri na biyu sau biyu yana rasa shi. Na farko ya biya kuɗin makaranta daga albashinsa a wata jami'a da ke garin da aka aje shi, ya gama zango ɗaya, yana tsakiyar na biyu sigina ta zo, wato umarnin canjin wurin aiki, cikin 'yan kwanaki ya ɗaure kaya sai arewa maso gabas. Da ya dawo bayan shekara biyu aka ce lokacinsa ya wuce sai dai ya sake cika fom daga farko. Ya sake. Karo na biyu har ya gama kwasa-kwasai saura binciken kammalawa, sai aka maido shi wannan yankin namu, malamin da ke duba aikinsa kuma ya ce shi sai ido da ido, to yaro zai roƙi fas na kwana uku ya kwana a hanya ya isa ya tarar malam ya yi tafiya, ya juyo. Ana cikin haka yajin aikin ASUU na 2022 ya shigo, tun Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, da aka buɗe shi kuma yana daji.

Ranar da ya zo gaishe ni a Mabera bayan wannan, ya cire takalmansa a bakin zaure ya zauna bisa tabarma, ya zaro wani fayil daga cikin leda, gefensa duk ruwa ya taɓa shi takardun sun manne, rasit ne na kuɗin makaranta da babi uku da ya rubuta, wasu shafukan da biro ya yi su don inda yake ba wuta balle kwamfuta. Ya ce, "Kawu, ni na haƙura, aje min wanga wurinka, in na bar shi bariki ɓata zai yi." Na ce haba ɗana, ka ƙara gwadawa mana. Ya yi shiru yana juya kofin shayi, can ya ce, "Kawu, makaranta tana wuri ɗaya, ni ko ban san inda zan kwana wata mai zuwa ba."

Maganar ke nan gaba ɗaya, kuma wasu sun warware ta tun kafin a haife mu. A 1949 Jami'ar Maryland ta Amurka ta kwashi malamai bakwai ta tura su Jamus su koyar da sojojin Amurka da ke zaune can bayan yaƙin duniya na biyu, a cikin sansanoninsu, da yamma bayan an tashi aiki. A 1956 ta faɗaɗa zuwa Asiya. Zangon karatun gajere suka yi shi, mako takwas, don sun san soja ba shi da tabbacin wata huɗu a wuri ɗaya, kuma abin da ka ci a wannan sansani yana bin ka zuwa na gaba. Daga baya jami'o'i irin su Troy da Webster da Central Michigan suka buɗe ajujuwan digiri na biyu a sansanonin soja birjik. Gwamnatinsu ma tana biya wa soja har dala 250 kan kowane ma'aunin kwas, zuwa dala 4,500 a shekara. Wannan ita ce rundunar da kullum muke cewa a je a roƙo ta taimake mu da jirage da bayanan sirri, amma ba mu taɓa tambayar yadda ta gina mutanen da ke sarrafa su ba.

Mu nan ba wai babu komai ba ne. Akwai makarantar horas da hafsoshi ta NDA a Kaduna da makarantarta ta manyan digirori, akwai kwalejin hafsoshi ta Jaji, akwai Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja wadda ke da haɗin gwiwa da Jami'ar Ibadan wurin ba da mastas, akwai jami'ar sojan ƙasa ta Biu tun 2018. Sai dai ta Abuja sai ka kai kanar ko sama kafin a kira ka, lokacin da furfura ta fara fitowa kuma ka bar daji ka koma ofis, sauran kuma duk nesa suke da mu, wanda ya san hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ya san ba hanyar da za ka riƙa bi kowace Juma'a don zuwa lakca ba ce. Laftanar da kyaftin da manjo, da sajen da ya shiga soja da digirinsa a aljihu don ba aiki, su ne ke gaban wuta, su ne ke zama da hakimai da ardo-ardo da 'yan sa-kai, kuma su ne wannan tsarin ya bari a baya.

Tun 2018 hedikwatar runduna ta 8 take Sakkwato, tana kula da nan da Kebbi da Zamfara da Katsina. Tun 1975 muke da jami'ar tarayya a garin nan. Tsakanin barikin Giginya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo tafiyar mota ce ta cikin gari, ga kuma jami'ar jiha. Ni ban ga abin da zai hana malami ya ɗauki jakarsa ya shiga bariki ranar Asabar ko bayan la'asar ya koyar ba.

Za a ce ai NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta rufe rassan jami'o'i na waje tun 2001. E ta rufe, kuma ta yi daidai, don waɗancan shaguna ne da jami'o'i suka buɗe a garuruwa masu nisan ɗaruruwan kilomita suna sayar da takarda, ina haɗinsu da aji a gari ɗaya da uwar jami'a, malamai ɗaya jarabawa ɗaya? NOUN, jami'ar karatu daga gida, ita ma tana da cibiyoyi na musamman a barikin Sobi na Ilori da sansanin sojan sama na Kaduna, sama ba ta faɗo ba. Masu cewa ya yi ta intanet kawai kuma su tuna a 2021 gwamnati da kanta ta kashe sabis a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, ko yanzu ka je wasu ƙauyukan Tangaza sai ka hau tudu kafin saƙo ya fita.

Amma babban dalilina ba tausayin ɗan yayata ba ne, yaƙin ne kansa. Ka ɗauko yaro ɗan Inugu ko Ogun, jarumi, ya iya makami, ka aje shi Sabon Birni. Bai san tarihin Gobir ba, bai san mene ne burtali ba balle yadda aka cinye shi da gonaki, bai san abin da ya haɗa Bafillace da ɗan sa-kai har aka kai ga ƙone rugage ba, bai san dalilin da ya sa mutumin Illela yake ganin Ƙonni ta Nijar kamar unguwarsu ba, bai san yadda zinaren Anka da Maru ya shigo cikin lissafin ba. Duk wanda ya fara zuwa ya raɗa masa magana shi zai gaskata, kuma sau da yawa mai raɗar yana da tsohuwar gaba da wanda yake nunawa. Wannan ilimin kuwa yana nan jibge a jami'ar da ke bayan gidansa. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi ya shafe shekara goma yana bincike kan 'yan bindigar Zamfara, har dabobinsu ya shiga, ya gabatar da sakamakon a 2021 a cikin jami'ar. Mayaƙan Lakurawa da hedikwatar tsaro ta sanar da su a Nuwamban 2024 kamar sabon abu, mutanen Gudu da Tangaza sun yi shekaru suna ganinsu suna faɗa. Wa ya fi cancanta ya zauna gaban irin waɗannan malamai mako-mako, ya yi gardama da su, ya rubuta bincikensa kan garin da yake tsaro, in ba hafsan da gobe zai ba da umarnin a buɗe wuta ko a dakata ba? Malamin ma zai ƙaru, don sojan ya ga abin da shi bai gani ba.

Kuma wallahi abin kunya ne a ce a Sakkwato ake wannan zagin. Garin Muhammadu Bello, wanda ya jagoranci yaƙi kuma ya rubuta littattafai a tsakanin yaƙoƙin, ya yi zaman ribaɗi a Wurno yana tsaron iyaka yana karantarwa har ya rasu can a 1837. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai, lokacin jihadin Shehu, mahaddata Alƙur'ani wajen 200 suka yi shahada. Mutanen da suka kafa garin nan da allo da takobi suka fita tare, yau jikokinsu na zaune ƙarƙashin fanka suna rubuta wai soja ba ruwansa da biro. Gobe in ya yi shekara 35 ya yi ritaya ba shi da takardar da za ta ba shi wani aiki, su ne dai za su ɗauke shi gadin ƙofar gidansu suna kiransa baba soja.

Sharaɗi ɗaya nake da shi kuma ba na sassauta shi, kada kaki ya zama hanyar samun maki. In kanar ya faɗi jarabawa a rubuta ya faɗi, malamin da zai ji tsoron tauraron kafaɗa ya zauna gida.

Sauran ba wani abu ne mai wuya ba. Shugaban jami'a da kwamandan runduna su zauna, a ware ɗakuna biyu ko uku a Giginya, a gajarta zango, a fara da tarihi da nazarin zaman lafiya da harkar mulki, wanda sigina ta ɗauke a dakatar masa da agogo har ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Gwamnatin jiha da ke sayen motocin sintiri tana miƙa wa jami'an tsaro, kuɗin mota ɗaya zai ɗauki nauyin aji guda. Ɗan yayata yanzu haka yana wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, fayil ɗinsa na cikin durowata, saura babi biyu.