Camfi mai sanye da kwat

Zuwana na farko birnin Gwanzu na ƙasar Sin sarin kaya, na shiga lif a masaukinmu na ga daga hawa na 3 sai 5. Na duba sama, 14 ma babu. Na ɗauka maɓallin ne ya lalace, sai yaron da ke mana tafinta ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai nan ba a son huɗu." Wai a Sinanci kalmar huɗu da kalmar mutuwa duk "si" ne, karin murya kawai ya raba su. Takwas kuwa "ba" ce, tana kama da "fa", wato bunƙasar arziki.

Kada ku ɗauka camfin 'yan ƙauye ne. Gwamnati da kanta ta buɗe gasar Olamfik ta Beijin ranar 8 ga watan 8 na 2008, ƙarfe takwas na dare. A 2003 kamfanin jiragen Sichuan Airlines ya sayi lambar waya 88888888 kan sama da yuwan miliyan biyu. Ni da na je sayen layi, kowace lamba da kuɗinta a jikin takarda. Na zaɓi mafi araha, mai huɗu har guda uku. Yarinyar shagon ta kalle ni, ta kalli lambar, ta sake tambayata ko na tabbata. Kamar wanda zai sha guba.

Da na dawo na ba wani abokina da ya yi karatu a Ingila labari, sai ya taɓe baki, wai rashin wayewa ne. Nan fa muka saɓa. Malam, Turawan naka fa? Je ka dogayen gine-ginen Amurka ka ƙirga, da yawansu daga 12 sai 14. Hawan na nan, ana kwana a ciki, suna kawai aka canja masa, kamar yaron da aka sa wa Ajuji don a ruɗi mutuwa. Jiragen Lufthansa ba su da layin kujeru na 13, ba su da na 17, don Italiyawa sun tsani 17: idan aka juya haruffan XVII sai su ba da VIXI, wato "na gama rayuwa" a Latin. Kumbon Apollo 13 ya tashi a 1970 da ƙarfe 13:13 agogon Houston, tankin iskarsa ya fashe ranar 13 ga Afrilu, har yau masu camfi na kafa hujja da shi. Sun manta mutum ukun da ke ciki duk sun dawo da ransu.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne 666. Bature ya gan ta gabansa ya faɗi, lambar shaiɗan ce a wurinsa. Matasan Sin kuwa da ita suke yabon gwani a intanet.

Shi ya sa ban yarda boko na kashe camfi ba, kwat kawai yake sa masa. Kuma ban cire kaina ba. Layin nan mai huɗu-huɗu na yi shekaru ina ciniki da shi lafiya lau, ina ta cika baki. Amma bara da tikitina ya faɗo ranar Larabar ƙarshen watan Safar, Hajiya ta ce, "Kai, ba ka ɗaga zuwa jibi ba?" Na yi mata wa'azi mai kyau a kan camfi, sannan na biya kuɗin canjin rana.